Gyaran Suna A Littafin Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan ci bashin taki da damina, mai kiwo ya ci bashin dusa, uwargida ta ranci jarin ƙuli-ƙuli. Wannan ba abin kunya ba ne. Da can, labarin wanda ya ci ya biya da wanda ya ci ya ƙi biya a bakin mutanen gari yake. Mai kanti ya sani, dillalin hatsi ya sani, uwar adashi ta sani. In sunan mutum ya ɓaci a garinsu, yakan koma cin wata kasuwa inda ba a san shi ba, ya sake sabon farawa. To, 'yan'uwa manoma, ga wanda ya taɓa karɓar rance daga banki, wannan hanya ta toshe. Yanzu rubutawa ake yi, rubutun kuwa yana bin mutum duk inda ya tafi cikin Nijeriya.

Bari mu ga yadda abin ya soma. A 2008 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idodin kafa kamfanonin da za su riƙa tattara labarin masu cin bashi. Daga nan aka ba kamfanoni uku izni, dukansu a Legas: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance, ba sa kuma karɓar biya. Aikinsu ajiye littafi ne kawai. Kowane wata bankuna, manya da ƙanana, suna aika musu da sunayen waɗanda suka ci bashi, nawa suka ci, yaushe ya kamata su biya, da ko sun biya ko sun yi latti. Kafin banki ya ba wani sabon rance kuma, Babban Banki ya umarce shi ya tambayi aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan. A 2017 aka yi doka ta musamman a kan wannan aiki, wadda ta faɗi hakkin kamfanonin, ta kuma faɗi hakkinka kai da ake rubuta sunanka.

Abin da ya ɗaure kome wuri ɗaya shi ne lambar BVN, wadda aka fara a watan Fabrairu 2014, shekara ɗari daidai bayan haɗa Kudu da Arewa. Lamba ce mai alƙaluma 11, an haɗa ta da hoton fuskarka da zanen yatsunka. Mutum ya iya buɗe asusu a banki biyar, ya sake layin waya sau goma, amma yatsunsa ba sa sakewa. Saboda haka wanda ya ci bashi a Kafanchan ya gudu Mubi, in ya shiga banki a can aka buga lambarsa, bashin Kafanchan ne zai fara yi masa maraba.

MAKI, KAMAR NA 'YAN MAKARANTA

Ban da dogon labarin, kamfanonin sukan taƙaita halin mutum da lamba guda, watau maki. Wannan dabara daga Amurka ta fito. A 1956 wasu mutum biyu, Bill Fair injiniya da Earl Isaac masanin lissafi, suka kafa kamfani domin auna ko mai neman rance zai biya. A 1989 suka fitar da makin da ake kira FICO, wanda ya fara daga 300 ya tsaya a 850. Mai 300 ba wanda zai amince masa, mai 800 kuwa bankuna ne ke neman sa. Kamfanin CRC na nan gida ma yana ba da maki daga 300 zuwa 850.

Wanda ya taɓa riƙe aji ya san bambancin jarrabawar rana ɗaya da rajistar kiran suna. Yaro ya iya yin sa'a a jarrabawa, amma rajista ba ta san sa'a ba, gama kowace safiya ake cika ta. Makin bashi ya fi kama da rajista. A lissafin FICO, kashi 35 cikin 100 na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa. Kashi 30 daga yawan bashin da ke kanka yanzu. Kashi 15 daga daɗewarka kana hulɗa da masu ba da rance. Sauran kashi 20 an raba biyu, tsakanin yawan sababbin rance da ka nema kwanan nan da irin basussukan da ka taɓa riƙewa. Kowane kamfani yana da nasa ma'auni, amma ku lura da abu ɗaya: a cikin lissafin nan babu girman gonarka, babu yawan shanunka, babu sarautar gidanku. Mai kadada ɗaya da ke biya ranar da aka sa ya fi mai kadada hamsin da ke biya sa'ad da ya ga dama.

INDA MUTANEN KARKARA SUKE FAƊAWA

A ganina yawancin manoman da sunansu ya ɓaci ba macuta ba ne. Abin da ya fi kā da su shi ne rancen da bai dace da gona ba. A ce manomi ya karɓi Naira 300,000 a watan Yuni domin taki da maganin ciyawa, takardar kuwa ta ce zai fara biya wata-wata daga Yuli. Wannan tsari na ɗan kasuwa ne mai ciniki kullum, ko ma'aikaci mai albashi. Masara ba ta san Yuli ba. Kafin a karya ta a Oktoba, an rubuta masa latti sau uku. A ƙa'idar manyan bankuna, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba, ana sa shi cikin basussukan da suka lalace. Ga mutum da rumbu cike, ya kuma biya duka a Nuwamba, amma littafi ya riga ya shaide shi mai latti.

Na biyu shi ne maganar nan da muke ji a kowane ƙauye, wai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne. A watan Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, inda aka riƙa ba da iri da taki da injin ban ruwa, a biya da amfanin gona ko da kuɗi bayan girbi. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka ba magidanta da masu ƙananan sana'o'i rance ta hannun bankin NIRSAL. Mutane da yawa sun karɓa suna cewa kyauta ce. Amma duk wanda ya karɓa, da BVN ɗinsa ya karɓa, ya kuma sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar rance. Babban Banki ya daina karɓar sababbin masu nema a irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023, amma tsayar da shiri bai yafe wa kowa abin da ya riga ya ci ba.

Na uku ya fi ban tausayi, domin mutumin bai ci ko kwabo ba. Wani ya zo gari da mota da takardu, ya ce a kawo BVN za a raba tallafi, aka yi layi aka ba shi. Ko ɗan'uwa ya ce, "Yaya, ara mini lambarka, tawa tana da matsala." Ko aboki ya roƙe ka ka tsaya masa a banki, ka sa hannu don kunya. Ku sani, wanda ya tsaya wa mai cin bashi ya yi alkawari ne cewa in wancan ya kāsa, shi zai biya. Haka kuma rancen ƙungiya: in takarda ta ce kowa jinginar kowa ne, to, mutum ɗaya ya gudu, sauran tara sun ɗauki kayansa. Ke ma uwargida, in maigida ya karɓi rance da lambarki, a littafi ke ce mai bashin, ba shi ba.

Sai kuma rancen waya, wanda samarinmu suka fi shiga. Naira 10,000 cikin minti biyar, babu mai tsaya maka, babu jingina. Da yawa daga masu ba da shi suna da lasisin ƙaramin banki, suna kuwa aika suna wurin kamfanonin nan kamar kowane banki. Yaro ya ci na kuɗin kati, ya jefar da layin, ya manta. Bayan shekara uku ya zo neman rancen injin ban ruwa, sai a ce masa akwai magana a kan sunansa.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. A cikin takardun rance akwai wadda mai karɓa yake sa hannu ya yarda cewa in ya kāsa biya, bankin da ke bin sa zai iya cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗinsa, ko a wane banki yake. Uwar kuɗi da ruwanta ake cirewa ta wannan hanya, ban da tarar latti. Shi ya sa wani zai sayar da waken soya, kuɗi su shiga da safe, kafin azahar sun fita, ya yi ta cewa an yi masa sata.

FARA DA GANIN ABIN DA AKA RUBUTA

Ba a gyara abin da ba a gani ba. Kana da hakkin karɓar takardar tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin nan. Ana nema ta intanet a waya, da BVN da lambar wayarka. Wanda bai iya ba, ya nemi magatakardan ƙungiyarsu ko ɗansa mai karatu su zauna tare, amma yana wurin, kada ya aika da lambarsa ta hannun wani. In da hali a nemi ta kamfanoni ukun duka, gama wani banki yakan aika wa biyu ya bar ɗaya, ko ya gyara a wuri ɗaya ya manta da sauran.

In takarda ta zo, a karanta ta a hankali, layi-layi. Sunan daidai ne? Ranar haihuwa fa? Kowane bashi da aka jera, ka san shi? Wanda ka gama biya, an rubuta an rufe, ko har yanzu yana nan a buɗe? Abin da za ka tarar iri biyu ne, ko kuskure ko gaskiya, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

In kuskure ne, ka tuna kamfanin littafi ba shi ya ƙirƙiro labarin ba, abin da banki ya aika masa ya rubuta, ba zai kuwa sake shi ba sai bankin ya tabbatar. Saboda haka ka rubuta wasiƙa zuwa ga bankin, ka aika wa kamfanin ma. Ka faɗi sunanka, da bashin da kake musu a kansa, da dalilinka, ka haɗa da hoton rasit. Kada ka ba da rasit na ainihi. Ka yi wasiƙar biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya su mayar maka. Maganar baki a gaban kanta ba ta da amfani, domin gobe an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san ka ba. Dokar 2017 ta ba su kwana 10 na aiki su bincika. In sun wuce ba su yi kome ba, ko ba ka gamsu ba, sai ka kai kuka Babban Banki, wanda yake da sashen kāre masu hulɗa da bankuna, yana kuma da rassa a manyan biranen jihohi. Bayan wannan akwai kotu. In kuwa wani ne ya ci bashi da sunanka ba da saninka ba, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka haɗa takardarsu da wasiƙar.

IN GASKIYA NE FA?

A nan ne aikin yake. Abin da yawancinmu muke yi shi ne ɓuya: a kashe waya, a daina bin hanyar banki ranar kasuwa. Ruwa kuwa ba ya daina hauhawa domin ka ɓuya. Gara ka tafi da ƙafarka. Ka roƙi a buga maka lissafin bashin a takarda, a raba maka uku: uwar kuɗi nawa, ruwa nawa, tara nawa. Sau da yawa mutum yakan tarar tara da ruwan da ya hau kan ruwa sun kusa kai uwar kuɗin. Banki ya fi son ya sami wani abu da ya rasa duka, saboda haka akwai wurin magana. Kana iya roƙo a rage tara in za ka biya sauran gaba ɗaya, ko a sake tsara biyan ya faɗo bayan girbi. Ba tilas ne su yarda ba, amma wanda ya zo da kansa, da wani abu a hannu, ya fi wanda aka kamo samun sauƙi. Duk abin da kuka shirya, a rubuta, manaja ya sa hannu. Kada kuma ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don kawai ka fita daga ofis, gama karya alkawari na biyu ya fi na fari muni a littafi.

Wajen biya, ka zuba kuɗin cikin asusun bashin, ka karɓi rasit. Kada ka danƙa wa ma'aikaci a hannu a bakin kasuwa, ko da kun saba. In ta hannun shugaban ƙungiya kuke biya, ku nemi ganin rasit na banki, ba littafinsa kaɗai ba, kuma a ga sunan kowa da abin da ya biya. Wanda ya biya da hatsi, ya karɓi takarda mai nuna buhu nawa, nauyi nawa, a kan wane farashi, ranar nan da nan. Akwai manoman da suka kai shinkafarsu cif, amma ba a taɓa shigar da ita a kan sunansu ba, yau kuwa ba su da abin nunawa.

Mai bashi fiye da ɗaya ya zauna da fensir. A ce ana bin ka Naira 40,000 na waya mai ruwa 15 cikin 100 a wata, da Naira 200,000 na ƙaramin banki mai ruwa 4 cikin 100 a wata. Na farkon yana ƙara maka Naira 6,000 kowane wata, na biyun Naira 8,000. In ka sami Naira 40,000 ka zuba a babban, ka rage wa kanka Naira 1,600 kawai a wata. In ka kashe ƙaramin da ita, ka huta da Naira 6,000, ka kuma rufe bashi guda a littafi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne cin sabon bashin waya domin a biya tsoho. Wannan haƙa rami ne a cike wani rami.

Ranar da ka gama biya, kada ka bar banki sai ka nemi takardar shaida cewa ba sa bin ka kome. Ka adana ta inda kake ajiye takardar gona, cikin leda saboda gara da ruwa. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake duba tarihinka, ka tabbata sun aika da gyaran.

Amma kada in ruɗe ku. Biya ba ya shafe abin da ya wuce. Doka ta ce a riƙe labarin aƙalla shekara 6. Abin da zai sake shi ne, maimakon a ga "ana bin sa", za a ga "ya yi latti, amma ya biya", waɗannan biyu kuwa ba ɗaya ba ne a idon mai ba da rance. Saboda haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya share maka suna daga kwamfuta, ɓarawo ne. Abin da yake kuskure, kai da kanka za ka gyara shi da wasiƙa. Abin da yake gaskiya, ba mai iya share shi. Ko a Amurka, inda irin waɗannan masu gyaran suna suka yi yawa, sai da aka yi doka a 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin.

SABON SHAFI

Tsohon latti yana raguwa da nauyi ne sa'ad da sabon biya mai kyau ya taru a kansa. A nan akwai abin takaici: matar da ta yi shekara ashirin tana zubin adashi ba ta taɓa fashi ba, a littafin Legas ba ta da ko layi ɗaya, domin uwar adashi ba ta aika rahoto. Kada a bar adashi, yana da amfaninsa. Amma mai son suna a banki sai ya yi hulɗa da inda ake rubutawa. Ya fara da ƙaramin rance wanda ko gona ta ƙi zai iya biya daga wani wuri, kamar na kiwon rago biyu ko na lambun rani, ya biya kwana biyu kafin ranar da aka sa. Ya riƙa zuba kuɗin cinikinsa a asusu ko da zai cire gobe, domin a ga shige da fice. Kada ya bi bankuna biyar cikin mako ɗaya yana cika takardar neman rance, gama kowace tambaya ana rubuta ta, mai dubawa kuwa zai ɗauka mutumin a matse yake. Wanda ba shi da takardar fili kuma ya sani, tun 2016 akwai rajistar jingina ta ƙasa, inda ake karɓar dabbobi da injin niƙa da babur da makamantansu a matsayin jingina. In rancen noma ne, ka tambaya ko an haɗa da inshorar NAIC, ka kuma san wanda za ka sanar da shi nan da nan in ambaliya ta zo, kamar yadda ta ci gonaki masu yawa a 2022. Wanda ya jira har ruwa ya janye, aka sake shuka, ba shi da abin da zai nuna wa mai dubawa.

Kafin ka sa hannu a sabuwar takarda, ka sa a karanta maka ranakun biya, ka ɗora su a kan watannin gonarka. In masara ce, ka roƙi biyan ya faɗo Disamba ko Janairu, bayan an sussuke an kai kasuwa, ba tsakiyar kaka ba sa'ad da kowa ke sayarwa farashi yana ƙasa. Amma kada ka wuce ranar biya kana riƙe da buhuna wai kana jiran tsadar bazara. A 2025 farashin hatsi faɗuwa ya yi maimakon ya hau, waɗanda suka ajiye da kuɗin rance kuwa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ruwa kuma yana ta hawa a kansu. In manaja ya ce tsarinsu na wata-wata ne ba ya sakewa, to, wannan rance ba na masara ba ne. Ka karɓe shi domin kaji masu ƙwai ko injin niƙa, abin da ke kawo kuɗi kowane mako, ka nemi na taki a wani wuri.